KADA IRIN SHINKAFA YA TSUFA A BEDI

Wannan jawabi ne da malamin gona ya yi wa manoman shinkafa, maza da mata, waɗanda ke karatu a ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye na ƙasar Kura, Jihar Kano. Manoman wannan yanki suna noman shinkafa damina da rani da ruwan madatsar Tiga. An kawo jawabin a nan don sauran manoma su ƙaru.

Bayan sallama da gaisuwa, malamin ya ce sau da yawa akan ga manoma biyu gonarsu ɗaya gefen ɗaya. Irinsu ɗaya, takinsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Amma ranar casa sai a ga ɗaya ya fi ɗaya buhuna nesa ba kusa ba. Wanda ya samu kaɗan yakan ce taki ne ba shi da kyau, ko kuwa ƙasa ce ta gaji. Malamin ya ce wani lokaci haka ne. Amma galibi asarar ta faru tun ranar dashe. Abubuwa biyu ne ke jawo ta. Na farko, barin iri ya tsufa a bedi. Na biyu, dashe ba tare da awo ba.

KWANAKIN SHINKAFA ƘIDAYAYYU NE

Malamin ya ce kowane irin shinkafa yana da kwanakinsa. Ya kawo misali da irin da ake kira FARO 44, wanda manoma suka fi sani da Sipi. Wannan iri yakan nuna cikin kwana 110 zuwa 120. Akwai kuma FARO 52, wanda ake kira Wita, aka fitar da shi a 2001. Shi ya fi daɗewa, yakan kai kwana 125 zuwa 135. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ce ke kula da binciken shinkafa a Nijeriya.

Ya ce abin da manomi zai riƙe shi ne, ƙidayar kwanakin nan ba daga ranar dashe take farawa ba. Tana farawa tun ranar da aka zuba iri a bedi.

Sa'an nan ya raba rayuwar shinkafa kashi uku. Ya ɗauki iri mai kwana 120 don misali.

Kashi na farko shi ne lokacin girma da yin 'ya'ya. Wannan kimanin kwana 55 ne.

Kashi na biyu shi ne daga sa'ad da zangarniya ta fara haɗuwa cikin kara, shinkafa ta yi ciki, har ta fid da kai ta yi fure. Wannan kimanin kwana 35 ne.

Kashi na uku shi ne daga fure zuwa nuna. Wannan kimanin kwana 30 ne.

Ya ce kashi na biyu da na uku ba su cika canzawa ba, ko wane iri ne. Manomi ba shi da ta cewa a kansu. Inda yake da iko shi ne kashi na farko, wato kwana 55 ɗin nan. A cikinsu ne shinkafa ke yin 'ya'ya. Kowane ɗa mai ƙarfi zangarniya guda ce. Yawan zangarniya kuwa shi ne yawan buhu.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA YI

Daga nan malamin ya ɗauki alli ya yi lissafi a allo. Ya ce duk shinkafar da aka cire aka dasa takan yi kamar mako guda tana jinya kafin saiwarta ta kama ƙasa. A wannan mako ba ta yin 'ya'ya.

Manomin da ya dasa iri mai kwana 21, a ƙara kwana 7 na jinya, ya zama 28. A cire 28 daga 55, saura kwana 27. Shinkafarsa tana da kusan wata guda na yin 'ya'ya.

Manomin da ya bari iri ya kai kwana 40, a ƙara kwana 7, ya zama 47. A cire 47 daga 55, saura kwana 8 kacal. Kafin shinkafar ta farfaɗo ta yi 'ya'ya, lokacin ɗaukar ciki ya zo.

Ya ce gaskiya ne tsohon iri yakan ƙara 'yan kwanaki kafin ya nuna. Amma wannan ƙari ba ya mayar da abin da aka rasa. Duk kwanan da iri ya ƙara a bedi bayan mako uku, daga rumbun manomi ake cire shi.

Saboda haka shawarar masana ita ce a dasa iri yana da kwana 14 zuwa 21. A wannan lokaci yana da ganye uku zuwa huɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ME KE SAMUN TSOHON IRI?

Malamin ya ce a bedi iri a cunkushe yake. Muddin yana ƙarami, cunkoson ba ya cutarsa. Amma idan ya wuce mako uku sai ya fara kokawar neman rana da abinci. Sai ya yi tsawo, ya yi siriri, ganyen ƙasa ya yi rawaya. Saiwoyinsa su sarƙe da juna. Ranar cira sai saiwa mai yawa ta tsinke ta zauna a bedi. Shi ya sa tsohon iri ya fi daɗewa yana jinya, wani ma ya mutu.

Ya ce manoma da yawa suna son dogon iri don ya fi daɗin riƙewa, kuma gona takan yi kyan gani ranar dashe. Ƙaramin iri kuwa sai a ga kamar ba a dasa kome ba. Amma a dawo bayan mako uku a duba. Ƙaramin ya buɗe ya cika wurinsa, babban kuwa yana nan tsaye da 'ya'ya kaɗan.

Ya ja kunnen masu noman rani game da sanyi. A watan Disamba da Janairu, lokacin hunturu, iri ba ya girma da sauri. Yana iya kai kwana 21 bai yi ganye uku ba. A irin wannan lokaci sai manomi ya haɗa ƙidayar kwana da ƙidayar ganye. In ganye ya kai uku zuwa huɗu, iri ya isa dashe.

A GYARA GONA KAFIN IRI YA ISA

Malamin ya ce babu manomin da ke barin iri ya tsufa da gangan. Abin da ke faruwa shi ne, mutum yakan zuba iri tukuna, sa'an nan ya fara neman mai haro. Mai haro ya yi masa alkawari, ya saɓa. In an yi haro, ruwa bai iso ba. In ruwa ya iso, 'yan dashe suna gonar wani. Kafin a ankara iri ya yi wata guda da rabi.

Maganin wannan shi ne a juya tsarin. Manomi ya fara tabbatar da mai haro, da ranar samun ruwa, da 'yan dashe. Bayan haka ya zuba iri. Gona ce ya kamata ta jira iri, ba iri ne zai jira gona ba.

Mai babbar gona wadda ba za a gama dashenta cikin mako guda ba, kada ya zuba iri rana ɗaya. Ya raba shi kashi biyu ko uku, tsakanin kowane kashi mako guda. Ta haka kowane ɓangare na gonar zai sami iri ɗanye.

A nan malamin ya ce ga amfanin karatun da suke yi. Kowa ya sayi ɗan littafi. Ranar da ya zuba iri ya rubuta kwanan wata. Ya ƙidaya kwana 21, ya rubuta ranar da dashe ba zai wuce ta ba. Mutum yakan manta, takarda ba ta mantuwa.

YADDA AKE RENON IRI MAI KYAU

Ya ce a fara da zuba iri cikin ruwa. Wanda ya taso sama ƙaiƙayi ne, a kwashe a zubar. Wanda ya nutse a jiƙa shi kwana ɗaya. Sa'an nan a tsame, a zuba cikin buhun algarara mai laima, a ajiye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu har ya fara tsiro.

Bedi ya zama kashi ɗaya cikin ashirin na gonar da za a dasa. Faɗin kowane bedi kada ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, don hannu ya kai tsakiya. Kada a cika iri da yawa wuri ɗaya. Iri mai sarari shi ke yin kauri.

Ranar cira a ba bedi ruwa sosai don ƙasa ta yi laushi. A kama iri daga gindi, a zare a hankali. A ajiye saiwar cikin ruwa ko a inuwa. Abin da aka cire yau, a dasa shi yau. Kada ya kwana.

TAZARAR DASHE

Bayan haka malamin ya koma kan tazara. Ya ce tazarar da ta dace da yawancin gonaki ita ce santimita 20 tsakanin layi da layi, da santimita 20 tsakanin gindi da gindi. Wanda ba shi da abin awo ya yi amfani da hannunsa. Santimita 20 kimanin taƙi ɗaya ne na babban mutum.

A kowane gindi a sa iri biyu ko uku. Zurfin dashe santimita 2 zuwa 3, wato kamar gaɓa ɗaya ta yatsa. In aka cusa iri da zurfi, wurin da 'ya'ya ke fitowa ya binne, sai su yi jinkirin fita. Ruwa ma kada ya yi yawa ranar dashe. Ya ɗan rufe ƙasa kawai. Ruwa mai zurfi yana hana shinkafa yin 'ya'ya.

Ya sake komawa allo. Ya ce a ɗauki fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. In tazara santimita 20 ce, filin zai ɗauki gindi 25. A hekta ɗaya, wato eka biyu da rabi, gindi 250,000 ke nan. In tazara ta zama santimita 25, filin zai ɗauki gindi 16. In ta kai santimita 30, gindi 11 ne kawai. Wato ƙarin rabin taƙi ya cinye fiye da rabin shinkafar gona.

Ya ce wannan shi ne abin da ke faruwa a gonakin da ake dashe barkatai. Galibi ana biyan 'yan dashe ne bisa girman fili. Mai son ya gama da wuri zai buɗe tazara. A bakin gona, inda mai gona ke tsayawa, dashe yakan yi kyau. A tsakiya kuwa sai a tarar da sarari. Duk sararin da shinkafa ba ta rufe ba, ciyawa ce za ta rufe shi, ta sha takin da aka saya da tsada.

Cunkoso ma illa ne. In aka matse gindi da gindi, ko aka cusa iri bakwai ko takwas a rami ɗaya, shinkafa za ta yi tsawo ba ƙarfi. Iska ba ta ratsawa, laima ta zauna, cuta ta sami wurin zama. Zangarniya ta yi ƙanana, ƙaiƙayi ya yi yawa. In iska mai ƙarfi ta zo lokacin nuna sai shinkafa ta kwanta cikin ruwa.

DASHE DA IGIYA

Hanyar da ta fi sauƙi, in ji malamin, ita ce dashe da igiya. A sami doguwar igiya, a yi mata ƙulli ko a ɗaura tsumma a kowane taƙi. A ɗaure ta jikin turaku biyu. Mutum biyu su riƙe turakun a gefe da gefe na fangali. 'Yan dashe su jera, kowa ya dasa a gindin ƙulli. In an gama layi, a matsa da igiya baya taƙi ɗaya.

Ya ce ranar farko aikin zai yi nawa, 'yan dashe za su yi ƙorafi. Amma hannu yakan saba. Kuma gonar da ke kan layi ta fi sauƙin cirar ciyawa, da zuba taki, da feshi, da yanka.

Bayan mako guda da dashe, manomi ya zaga gonarsa. Duk inda iri ya mutu ya cike gurbin da ragowar irin bedi. Kada a bari ya wuce kwana goma, don cikon ya tashi tare da sauran.

INGANCIN ƘWAYA

Malamin ya ce zancen bai tsaya ga yawan buhu ba. Akwai kyan ƙwaya. Shinkafar da aka dasa da tsohon iri, ko aka bar mata sarari da yawa, takan yi 'ya'yan baya. Waɗannan 'ya'ya suna fitowa a makare, su fid da kai a makare. Ranar yanka sai a ga wasu zangarniyoyi sun bushe, wasu kuwa kore shar.

A nan manomi ya shiga tsaka mai wuya. In ya yanke da wuri, ɗanyar ƙwaya za ta shiga buhu. Ɗanyar ƙwaya ba ta da nauyi, takan motse, cikinta fari kamar alli, kuma a inji take karyewa. In ya jira na baya su nuna, na farko za su bushe fiye da kima. Su zube a gona, tsuntsaye su ci, sauran kuma su tsattsage su karye wurin gyara.

Amma gonar da aka dasa da iri mai kwanaki ɗaya, a tazara ɗaya, tare take fid da kai, tare take nuna. Sai a yanke ta sa'ad da kashi takwas cikin goma na ƙwayar zangarniya ya zama ruwan ƙasa-ƙasa kamar tattaka. Irin wannan shanshera ita masu turarawa da masu inji ke rububi, domin in an gyara ta ƙwaya takan fito doguwa, ba karaya da yawa.

INA RIBAR TAKE?

Ya ce riba ta kan hanya huɗu take zuwa.

Ta farko, iri. Mai yafa iri a gona yakan zuba kilo 80 zuwa 100 a hekta. Mai dashe kuwa kilo 30 zuwa 40 ya ishe shi. Ya tsira da fiye da rabi.

Ta biyu, ciyawa. Shinkafar da ta buɗe da wuri takan rufe ƙasa, ciyawa ta rasa rana. Kuɗin cira da na magani sun ragu.

Ta uku, yawan amfani. Ya ba da misali. A ce gindi 25 ne a mita ɗaya, kowane gindi ya ba da zangarniya 10. An sami 250. A ce kuma tsohon iri ne, kowane gindi ya ba da 6. An sami 150 kawai. Wato inda wancan zai sami buhu biyar, wannan uku zai samu. Alhali kuɗin haro, da taki, da ruwa, da ƙodago duk ɗaya suka kashe. Wanda ya ci bashin taki, wannan bambanci shi ne tsakanin biyan bashi da sayar da akuya.

Ta huɗu, farashi. Mai saye yakan damƙi shanshera ya murza a tafin hannu. In ya ga kore da ƙaiƙayi sai ya karya kuɗi.

TAMBAYOYI

Da malamin ya gama, wani dattijo ya ce, "Malam, in ƙaddara ta sa iri ya riga ya tsufa fa? A zubar da shi?"

Malamin ya ce, "A'a, Baba. In da sauran lokaci da iri, zuba sabon bedi ya fi. In kuwa babu, sai a dasa shi, amma a matse tazara. A yi santimita 20 tsakanin layi, 15 tsakanin gindi, a sa uku ko huɗu a rami. Tun da ba zai yi 'ya'ya da yawa ba, yawan gindi ne zai rage asara. In ya yi tsawo ƙwarai a ɗan datse kan ganyen don kada ya kwanta."

Wani saurayi ya ce ya ji ana dasa iri mai kwana goma, ƙwaya ɗaya tak a rami. Ya tambaya ko gaskiya ne.

Malamin ya ce gaskiya ne. Sunan hanyar SRI. An fara ta a tsibirin Madagaska a 1983, ta hannun wani limamin Kirista ɗan Faransa mai ilmin noma, Henri de Laulanié. A wannan hanya ana dasa iri mai kwana 8 zuwa 12, ɗaya a rami, a tazarar santimita 25. Ba a barin ruwa ya kwanta kullum, ana ba da shi ana ɗaukewa. Iri kaɗan take ci, bai kai kilo 10 a hekta ba. Amma tana son gona mai baje sumul, da ruwan da manomi ke iya sarrafawa, da takin gargajiya, da cirar ciyawa a kai a kai. A fadamar da ruwa ke malalowa ba zato, ƙaramin iri irin wannan zai nutse. Wanda ke son ta ya fara da fangali ɗaya.

Wata mata mai sana'ar dashe ta ce, "Malam, mu da fili ake biyanmu. In muka bi igiya, aikin yini ɗaya zai zama na yini biyu. Wa zai biya mu?"

Malamin ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Wannan magana ta masu gona ce. Wanda ke son dashen layi ya ƙara wa 'yan dashe kuɗi, ko ya biya su bisa yini. Abin da zai ƙara bai kai abin da zai rasa ba in gonarsa ta zama rabi shinkafa rabi ciyawa. Araha ba ta ado."

A GWADA A GANI

A ƙarshe malamin ya ce kada kowa ya ɗauki maganarsa haka kawai. Gani ya kori ji. Bana kowane manomi ya ware fangali biyu masu girma ɗaya. Ɗaya ya dasa yadda ya saba. Ɗayan ya dasa iri mai kwana 14 zuwa 21, da igiya, taƙi ɗaya, biyu ko uku a rami. Taki da ruwa su zama ɗaya. Ranar casa ya auna kowanne dabam da kwano ɗaya, ya rubuta a littafinsa. Sa'an nan a kawo littattafan aji, a karanta wa juna.

Ya roƙi waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan bayani, kuma duk mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa. Aka rufe taro da addu'ar Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare amfanin gona daga fari da ambaliya da jan baki.